Fuskar da Aka Yi Talla da Ita

Ranar Talata

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Mu nan mun gode Allah, gwargwadon yadda mai jinya za ta ce lafiya.

Na san kina fushi da ni. Sau bakwai kika kira ni ta bidiyo a makon nan ina katsewa, ina cewa babu sabis. Yaya, sabis lafiyarsa ƙalau. Fuskata ce ba na so ki gani.

Kin tuna murnar da muka yi da likita ya ce ciwon dajin da ke huhuna irin wanda ƙwaya ke kamawa ne, ba sai an yi mini ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi ba? Ƙwaya ɗaya kullum. Ya ce maganin yana bin wani abu ne takamaimai da cutar ke dogara da shi ta girma, sai dai fatar mutum ma tana amfani da wannan abin, don haka in sa ran ƙuraje. Na ce ai ƙuraje ba komai ba ne. Ashe ban san abin da nake faɗa ba.

A mako na biyu suka fito. Suka fara da hanci da haɓa, suka haura goshi, suka shiga cikin gashi, suka gangara ƙirji da gadon baya. Jajaye ne, kowanne da farin kai, kamar na 'yar shekara sha biyar, ni da na aurar da 'ya. Ga ƙaiƙayi, ga zafi, fatar kuma a bushe ƙamas kamar takarda. In rana ta taɓa ni sai ka ce an ɗora mini dutsen guga. Baban yara yana ta ƙoƙari, wai shi bai ga komai ba. Na ce to lallai kai ma kana bukatar likita, na ido.

A shago ne abin ya fi ci mini rai. Wata mai kawo ɗinki ta shigo da yadinta, ina miƙa hannu in karɓa ta ja da baya, wai ta tuna akwai inda za ta je. Wata kuma da nake auna mata wuya sai ta ɗauke numfashi har na gama. Tun ranar nake aiki da takunkumi da mayafi.

Mutum ɗaya ce ba ta guje ni ba, Anti Ƙyalli, mai shagon mayukan shafawa da ke jikin nawa. Shekara goma sha biyu bango ɗaya ne tsakaninmu, ni nake yi mata ɗinki, ita take tsare mini shago in na je asibiti. Ta zaunar da ni, ta cire mini takunkumin da hannunta, har da ƙwalla. Ta ɗauki hoton fuskar a wayarta, ta ce za ta tura wa wata ƙwararriya da ta sani. Washegari ta kawo mini wani mai a farar roba, haɗin hannunta, kyauta.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Na shafa man kwana uku, kuma na daina shan ƙwayar kwana shida, don ta ce in bar fatar ta huta. A rana ta uku fuskar ta ɗau wuta, kumatuna suka fara ɗayewa. Da na koma asibiti likita bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye bironsa ya tambaye ni, fuskar nake so in ceta ko huhun? Ya ce sau da yawa ma fitowar ƙurajen alama ce ta cewa maganin ya kama aiki. Ya haɗa ni da likitar fata, ta rubuta mini wata ƙwaya ta rage kumburi, da mai marar ƙamshi, da na kare zafin rana. Ba wanka da ruwan zafi, ba sabulu mai turare, ba matsa ƙurji, kuma kada in sake shafa abin da ba ita ta ce ba.

Na koma kan maganina. Na gaya wa Ƙyalli man bai karɓe ni ba, ta ce ba komai, jiki da jiki. Ban riƙe ta ba, don alheri ta nufa.

Ki gaida kowa. Kada ki gaya wa Inna zancen kwana shidan nan.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Alhamis

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Na ga saƙonki, na gode da safar hannun, ta yi mini daidai. Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace. Kan yatsuna ne suka fara tsagewa kamar faso, gefen farcen babban yatsa ya kumbura yana ruwa, shi ma aikin ƙwayar ne. Sa zare a allura yanzu sai na yi kamar mai kama sauro.

Abin da na rubuta miki wancan watan, cewa alheri ta nufa, ki yage wurin ki zubar.

Shekaranjiya ina zaune a layin ganin likitar fata, wata dattijuwa a gefena tana ta kallona. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, irin ciwona gare ta, irin ƙwayata take sha. Fuskarta, Yaya, ban taɓa ganin irinta ba. Ba ƙuraje ba ne kuma, gyambo ne, ya yi ɓawo yana tsatsar ruwa har wuya. Na sauke takunkumi in sha ruwa, sai ta kama hannuna ta ce, "Ke ce! Ke ce ta hoton. To ya aka yi suka dawo miki?"

Na ce wane hoto? Ta ciro waya ta nuna mini.

Shafin Anti Ƙyalli ne. Hoto biyu a jere. Na hagu fuskata ce ranar da ta cire mini takunkumi tana ƙwalla, an rubuta "kafin" a ƙasa. Na dama ni ce kuma, ranar da babbar 'yata ta gama jami'a, shekara biyu da suka wuce, lokacin ban ma san ina da ciwo ba, ina dariya fatata sumul. An rubuta "bayan kwana goma". Ta ja baƙin layi a kan idanuna wai ta rufa mini asiri, amma ga wushiryata, ga tabon haɓata, a na hagun har tef ɗin awo yana rataye a wuyana. A sama ta rubuta cewa man yana warkar da ƙurajen masu shan maganin daji. Mutum sama da dubu huɗu sun yaɗa. Na karanta abin da ake rubutawa a ƙasa. Wani ya ce Allah raba mu da mugun gani. Wata ta ce ai wannan sakayya ce, a bincika abin da ta yi.

Ni ba na shiga waɗannan shafukan, ta sani. Da wannan ta dogara.

Malama ta ce saboda hotona ta saya. Roba uku ta shafe, don duk lokacin da ta kira ta ce yana zafi, sai Ƙyalli ta ce dafin ne ke fita, ta ƙara. Yanzu ƙwayoyin cuta sun shiga fatar, kuma likita ya dakatar mata da maganin dajin har sai ta warke. Kin gane? Da fuskata aka raba baiwar Allah da maganinta.

Ban san yadda na iso shago ba. Na zauna a kan keke, almakashi a gabana, ina jin muryar Ƙyalli ta bango tana dariya da wata mai saye. Wallahi sau biyu na miƙe. Abin da ya zaunar da ni shi ne, in na shiga na yi mata ihu za ta goge hoton, ta yi kuka, ta ce kuskure ne, 'yan layi su taru su ba ni haƙuri, jibi a manta. A'a. A gaban mutum dubu huɗu ta tsiraita ni, ba za ta biya ni a ɓoye a bayan kantar shago ba.

Allah da ikonsa, da yamma sai ga ta da leshi mai ruwan zinare a leda. Wai za ta buɗe sabon shago a babban titi ƙarshen wata mai zuwa, za a yi taro da rumfa da masu hoto, tana so in yi mata ɗinkin da ba a taɓa gani ba. Ta ƙara da cewa, "Ke dai ranar ki zauna a gida ki huta, ƙawata, kin san rana ba ta yi miki daɗi."

Na ce to, na gode da kulawa. Na ɗauki tef na auna ta.

Akwai abin da tela kaɗai ta sani. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa yarda na yi mata riga mai buɗaɗɗen baya ko gajeren hannu ba. Mayukan nata sun cinye mata gadon baya da damatsa, duk sun yi dabbare-dabbare, fatar ta yi laushi tana tsagewa. Ina auna bayan nan ina kallonsa, zuciyata tana ce mini ga wuri nan. Zif ɗaya na sa da sakakken zare, ta ɗaga hannu a gaban jama'a, shi ke nan.

Ban yanke shawara ba tukuna. Ki yi mini addu'a, amma kada ki yi mini wa'azi.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Takardarki ta iso, shafi uku cur, duk da na ce ban da wa'azi. Na karanta har ƙarshe saboda girmanki.

Kin ce in bar ta da Allah, in ji da jikina, ɓacin rai ba ya yi wa mai jinya kyau. Yaya, tun da aka gaya mini sunan ciwon nan ban taɓa cin abinci kamar na makonnin nan ba. Ina tashi da wuri, ina shan ƙwayata a kan lokaci, ina shafa maina safe da yamma, ina naɗe yatsuna da filasta in hau keke. Baban yara ma ya ce in dai haushi ne ke sa ni cinye kwano, a ƙaro mini. Na bar ta da Allah, amma Allah ya ba ni ƙafa da baki.

Maganar zif kuwa kin yi gaskiya, na fasa. Ba don tausayinta ba. Mace tana tuɓe mayafi a gabana ne don ta amince da tef ɗina, in na ci wannan amanar na zama ita. Kuma bayanta zai ba mutane dariyar kwana biyu ne kawai, ni kuwa ba dariya nake nema ba.

Ga abin da na yi. Na je wurin Malama, an kwantar da ita a ɗakin mata, gado na huɗu, ana yi mata allurai ta jijiya. Ta ba ni sauran robar man da duk saƙonnin da suka yi da Ƙyalli. Likitar fata ta rubuta mana takarda, ta ce mu ne na biyar da na shida da ta gani da irin wannan ƙunar a wata biyu. Na kai komai ofishin hukumar da ke kula da magunguna. Sau uku ina zuwa. Ranar farko aka ce mai karɓar ƙorafi ya fita, ta biyu aka ce in dawo. Ta uku na cire takunkumi da mayafi na zauna a bencin da ke kallon ƙofar shugabarsu. Ba a yi minti ashirin ba aka ce in shigo. Ashe fuskar nan tana da amfani.

Sun gwada man. Shugabar ta ce akwai sinadarin da ba a bayarwa sai da takardar likita, an zuba shi ba awo, ga wani mai ɗaye fata. Ta tambaye ni inda Ƙyalli take ajiye kayan. Na ce mafi yawa suna gidanta da wani wuri da ban sani ba, amma akwai ranar da duk za su taru a ɗaki ɗaya, katan a kan katan. Na ba ta ranar da lokacin. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta.

Rigar kuma ina kanta. Ban taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba. Na sa mata shafi mai laushi, na jera duwatsu a wuya ɗaya bayan ɗaya da waɗannan fasassun yatsun, sau biyu jinina yana ɗiga a leshin ina gogewa. Ina so duk wanda ya ɗauki hoto ranar ya gane ta daga nesa.

Wani abin dariya: gashin idona ya yi tsawo ya nannaɗe har yana soka mini ido, shi ma wai maganin ne. Nas ta rage mini da ƙaramin almakashi. Abin da mata ke zuwa a manna musu, ni aske mini ake yi.

Ki gaida Inna, ki ce mata ina samun sauƙi, don gaskiya ne.

Taki,
Auta

Ranar Laraba

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidan, ki gafarce ni da na yi shiru wata biyu. Na san kin ji gutsi-gutsi a waya, yau ga shi daga bakina.

Ranar taron na yi wanka da ruwa mai ɗumi, na shafa man kare rana, na sa hula mai faɗi da takunkumi. Baban yara ya kai ni, ya tsaya a tsallaken titi, ya ce in an fara jifa in ruga wajensa.

An kafa rumfa biyu, kujeru cike da mata, lasifika tana tashi. A jikin bangon shagon an rataya ƙyallen talla, tsayinsa ya fi ƙofa. Fuskata ce, Yaya, hotunan nan biyu a jere. Kowane ƙurji ya kai girman tafin hannu. Na daɗe a tsaye ina kallon kaina. In da akwai sauran tausayi a raina, a wurin ya ƙare.

Ƙyalli ta fito cikin rigar, ta yi kyau ƙwarai, aka yi ta tafi. Ta karɓi abin magana ta ba da labarin wata baiwar Allah mai ciwon daji da ta zo mata tana kuka, mijinta ya guje ta, likitoci sun sallame ta, man nan ya dawo mata da aurenta. Har muryarta tana rawa. Sai mai gabatarwa ya ce ko akwai wadda ta yi amfani da man, ta zo ta ba da shaida.

Na tashi. Ba ta gane ni ba sai da na tsaya a ƙarƙashin ƙyallen na cire hula da takunkumi.

Na ce, "Ni ce wannan ta hagu, ni ce ta dama. Ta daman shekara biyu ke nan da ɗaukarta, kafin in yi ciwo. Ga fuskata ta yau, ku duba da kyau. Maganin daji ne ya fito mini da ƙurajen nan, kuma shi ne yake riƙe da raina. Man nan kwana uku na shafa ya ƙona ni. Akwai wadda ta shafa roba uku, tana kwance a asibiti. Mijina kuma ga shi can tsallaken titi, bai je ko'ina ba."

Wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni. Ƙyalli ta fizge abin maganar ta ce ciwon ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, hassada ce, a fitar da ni. Na matsa kusa da kunnenta yadda ba mai ji, na ce, "In ce musu ki juya a zuge zif ɗin?" Ba zan yi ba, amma ita ba ta san haka ba. Ta manna bayanta da bango, ba ta sake motsi ba.

A haka motar hukuma ta tsaya. Sun fi awa suna fitar da katan-katan, ita tana tsaye cikin ruwan zinare tana sheƙi, ana ɗauka. Matan da suka saya a wurin suka yi ta dire robobin a gabanta. Aka garƙame sabon shagon, washegari aka rufe na jikin nawa. An kai ta gaban alƙali, ni da likitar fata muka ba da shaida, an hana ta sana'ar, an kuma sa ta rubuta a shafinta cewa hoton ƙarya ne. Wannan rubutun ya fi na farko yawo.

Ni kuma an yi mini hoton ƙirji makon jiya, ciwon ya ragu da kusan rabi. Ƙurajen sun lafa, sai tabo da bushewa, yatsun ne dai har yanzu sai da filasta. Masu ɗinki sun dawo, har da waccan mai ja da baya. Na karɓi yadinta na ce ta dawo bayan wata uku.

Kin tambaye ni ko yanzu zan yafe. Malama ta yi mako bakwai ba ta shan ƙwayarta. Fuskar ta warke, amma a cikin makonnin nan ciwon ya tsallaka zuwa ƙashin bayanta. Da na je duba ta ba ta iya zama sai an tallafe ta. Ta sa na kunna mata bidiyon taron sau uku, tana dariya tana riƙe haƙarƙari, ta ce na iya tsayuwa a gaban aji.

Jiya da hantsi Ƙyalli ta zo shagona. Ba kwalliya, ta rame. Ta durƙusa a bakin ƙofa kusa da kwandon ƙyallaye, tana kuka, tana kirana da ƙawata, wai sharrin shaiɗan ne, in dubi shekara goma sha biyu. Ina cikin kalmasa wani dogon siket. Ban ɗago ba, na ci gaba da taka keke. Da na kai ƙarshen kalmasar tana nan, sai na warware ta tun daga farko na sake. Sau uku ina warwarewa. A na huɗu na duba, ba kowa a ƙofar.

Ki gaida Inna da maigidan da yara. Ki sa Malama a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta